Daga Dagaci zuwa Torankawa: Tarihin Bindigar Maharbi a Kudancin Kano

Ƙasar da ke kudu da birnin Kano, daga Kumbotso da Panshekara a bakin kogin Challawa har zuwa Kura da Bunkure, da rini aka san ta a da, yau kuma da noman rani. Amma akwai wata sana'a da ta rigayi waɗannan biyun, ita ce farauta. A gidajen maharba na wannan yanki ana iya tarar da tsofaffin bindigogi, wasu na toka ƙirar maƙera, wasu masu baki ɗaya ko biyu da suka ƙetaro teku tun zamanin kakanni. A Ingila da Amurka irin waɗannan bindigogi suna da kasuwa ta musamman, masu sha'awa na tara su, ana gwanjonsu, ana kashe kuɗi a mayar da su yadda suka fito daga maƙera. A nan ba haka abin yake ba. Tun ranar da bindiga ta shigo ƙasar Kano, abu biyu ne ke yanke mata daraja: wa hukuma ta yarda ya riƙe ta, kuma wa ya iya gyara ta in ta lalace.

Kafin zuwan bindiga

Littafin Tarihin Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya fassara shi da Turanci a 1908, ya fara ne da maharbi. An ce Barbushe, ɗan zuriyar Dala, ƙato ne wanda yake kashe giwa da sanda ya saɓo ta ya kawo gida. Wannan hikaya ce, ba wanda zai ɗauke ta a matsayin abin da ido ya gani. Haka kuma ana cewa mutanen farko da suka zauna a gindin dutsen Dala maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, da suka zo neman tama. A nan hikaya ta sami mai gaskata ta, domin masu haƙar kayan tarihi sun tono wurin narka tama a Dala wanda gwaji ya nuna ya kai wajen ƙarni na 7. Ke nan maharbi da maƙeri tare suka buɗe tarihin garin, kuma ba su rabu ba har yau.

Makamin maharbi na wancan zamani kwari da baka ne, da kibiya mai dafi, da mashi, da gora, da tarko. Shi ya sa har gobe ake kiran shugaban maharba Sarkin Baka, ko da kuwa mutanensa duk bindiga suke rataye da ita. Tsuntsu kuwa ba a ɓata masa kibiya sai in babba ne. Fakara da zabon daji da kurciya da asuta ake kama su, ko a jefe su da sanda a farautar gayya ta rani, bayan an kawar da amfanin gona.

1421 zuwa 1776: makamin fada

Wurin da aka fara ambaton bindiga a Tarihin Kano shi ne zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438 bisa lissafin Palmer. An ce wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da jama'a da tambura da tutoci da bindigogi, aka sauke shi a Dorayi. Masana da yawa ba su gamsu da batun bindigogin ba, domin a wannan lokaci ko a Turai da Masar bindigar hannu ba ta gama kankama ba, marubucin kuma ya zo ne bayan shekara fiye da 400. Mai yiwuwa ya ƙawata baƙon ne da kayan alfarmar da ya sani a nasa zamani.

Abin da yake tabbatacce ya zo ne a ƙarni na 16. Limamin Barno, Ahmad bin Fartuwa, wanda ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma a shekarun 1570, ya ambaci Turkawa masu harbin bindiga da bayin sarki da aka koya wa harbi. A 1591 kuma rundunar Maroko ta ƙetaro Sahara da bindigogi ta karya Songhai a Tondibi. Kano na tsakanin waɗannan dauloli biyu, ayari na kai da kawowa, don haka labarin makamin ya iso ta ko da shi kansa bai yawaita ba.

Yawaitarsa ta kudu ta biyo. Turawan da ke sayen bayi a bakin teku da bindiga da albarushi suke biya. Mutanen Denmak na cikin masu wannan ciniki a gaɓar Gana ta yau, Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam kuma suka riƙa ƙera dogayen bindigogi masu araha musamman don Afirka, waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai dubu ɗaruruwa a shekara a rabin ƙarshe na ƙarni na 18. Daga teku sai su hau Kwara zuwa Nufe, daga Nufe fatake su kawo ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka fara kawo garkuwoyi daga Nufe, da bindigogi. Ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa.

Tun daga nan aka kafa al'adar da ta daɗe. Bindiga kayan fada ce, bayin sarki ake damƙa wa, saboda bawa ba ya neman gadon sarauta. Basarake mai doki ma yana ganin ta ƙasƙanci ce: tana da jinkirin ɗuri, tana ƙin tashi da damina, tana fashewa a hannun mai ita. Kafin ɗan bindiga ya zuba albarushi ya danna ya harba sau ɗaya, ɗan baka ya saki kibiya da yawa.

1804 zuwa 1903: daga ƙaranci zuwa tsere

Jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo da ya fara a 1804 da baka da takobi da mashi aka yi shi. Sarki Alwali ya rasa Kano, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807, bindigogin fada ba su tsirar da shi ba. Baturen matafiyi Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya kalli rundunar Sakkwato tana yaƙar Gobirawa a 1826, ya ƙirga bindigogin da ke cikin dubban mayaƙa bai sami hamsin ba. Wani Baturen matafiyi, Barth, da ya zauna a Kano a 1851 ya ga ruwan takubba na Solingen birjik a kasuwa, amma ya ce bindigogi kaɗan ne, sai dai an fara shigo da masu araha ta Nufe.

Bayan 1860 aka shiga wani yanayi. Rundunonin Turai sun koma bindigogin da ake ɗura wa harsashi ta baya, suka zubar da tsofaffin nasu a kasuwannin Afirka, wasu ta Tarabulus, wasu ta Legas da Kwara. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder. Ningawa na kai hari kudancin Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, 1855 zuwa 1882. Rabe ya ci Barno a 1893 da runduna mai bindigogi da horo. Duk sarkin da ya ga haka ya san doki da lifidi sun daina isa.

A cikin gida ma wuta ta tashi. Rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893 ta jawo Yaƙin Basasa tsakanin Tukur, wanda aka naɗa a madadinsa, da Yusufawa masu ja da naɗin, wanda ya ƙare da kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Aliyu Babba da ya hau gado ya ƙarfafa rundunar 'yan bindiga ta bayin sarki, ya gwabza da Damagarawa a Gezawa da Tattarawa a ƙarshen shekarun 1890. Ana yi masa laƙabi da Alu Mai Sango, sango kuwa shi ne guntun mashi mai dafi da maharban giwa ke cusa wa bindiga su harba. Wannan ya nuna cewa kafin ƙarshen ƙarnin bindiga ta riga ta fita daga fada ta isa hannun manyan maharba.

A wannan zamani ne maƙeran Hausa suka ƙware a gyaranta. Baturen da ya ƙera ta yana can bayan teku, ba mai mayar masa da ita. In kunama ta karye, ko ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi ta cinye, ko ƙota ta tsage, maƙeri da masassaƙi ne za su san yadda za su yi. Daga gyara aka kai ga kwaikwayo, daga kwaikwayo aka kai ga ƙira.

Turawa kuma sun fara rufe ƙofa. A Yulin 1890 ƙasashensu suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu na toka kaɗai. An ce don hana cinikin bayi aka yi. Sakamakonta dai ya bayyana bayan shekara 13.

1903: ranar da aka ga bambanci

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland na rundunar Turawan Ingila ya taso daga Zariya da sojojin da ba su kai dubu ba, da igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, suka ratso wannan ƙasa ta kudu, suka ƙetare Challawa. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi, Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato. A ƙarshen watan aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. An kama Alu aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Abbas ya zama sarki a ƙarƙashin sabuwar hukuma.

Abin da ya biyo baya shi ne kwance ɗamara. Rundunar 'yan bindiga ta fada ta tashi daga mayaƙa ta koma ta biki, mai harba albarushi ba harsashi ranar Sallah da ranar naɗi. Tawayen Satiru na Fabrairun 1906, inda talakawa da gatura da fartanya suka karya rundunar Turawa a kusa da Sakkwato, ya ƙara wa masu mulki tsoron makami a hannun jama'a. Tsarin da suka kafa mai hawa uku ne. Bindigar soja ta gwamnati ce. Bindigar farauta ta zamani sai da lasisi, wanda akasari Turawa da sarakuna da manyan ma'aikata da attajirai ke samu. Ta toka kuma an bar wa manomi da maharbi, domin tana kore biri da gyado daga gona amma ba ta iya tsayawa gaban soja.

1911 zuwa 1960: zuwan mai baki biyu

Bindigar harbin tsuntsu da ta iso Kano a wannan zamani ta riga ta yi shekara ɗari tana sauyawa a Turai. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da duka maimakon tartsatsin ƙanƙara, kuma harbin agwagi ne ya kai shi ga wannan tunani, don tsuntsu kan ga walƙiyar farko ya tashi kafin harbi ya fita. A shekarun 1830 Lefaucheux na Faransa ya fito da bindigar da ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi ta baya. A 1875 Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards a Birmingham suka ɓoye kunamar a cikin jikin ƙarfen, tsarin da mafi yawan masu baki biyu ke bi har yau. Daga shekarun 1880 kuma albarushi mara hayaƙi ya fara maye gurbin baƙin albarushi. Bututun bindigar harbin tsuntsu sumul yake a ciki, tana watsa ƙananan ƙwayoyin darma maimakon harsashi guda, shi ya sa take samun abin da ke tashi sama.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ƙetaro Challawa ta ƙasar Kumbotso ta yau. Kamfanonin ciniki suka buɗe kantuna, Turawan mulki da na kamfani suka zo da bindigoginsu. Harbin fakara da zabo da yamma, da harbin agwagi a fadamu da hunturu, ya zama abin shaƙatawarsu. Manyansu kan riƙe ƙirar Landan irin ta Purdey, wanda aka kafa a 1814, ko Holland & Holland na 1835, amma mafi yawa ƙirar Birmingham ce ko ta Beljiyam, marasa ado masu juriya. A ƙasar Nijar kuwa ƙirar Manufrance ta Saint-Étienne ce ta bazu, musamman Simplex mai baki ɗaya.

Baturen da wa'adinsa ya cika ba kullum yake komawa da bindigarsa ba. Wani ya sayar wa wanda ya gaje shi, wani ya ba hakimi kyauta, wani ya bar wa maharbin da ya yi shekaru yana nuna masa daji. Ta haka kaɗan daga cikinsu suka shiga gidajen Hausawa, suka zama abin gado tare da alkyabba da takobi.

Dokar daji ma ta zo tare da su. An yi dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, aka keɓe Yankari a 1956. Maharbin da kakanninsa ke neman izini wurin Sarkin Baka da dagaci sai ya wayi gari yana neman takarda daga ofis.

1959: dokar da ta zauna

Shekara guda kafin samun 'yancin kai aka kafa Dokar Makamai ta 1959, wadda da ita ake aiki har yanzu bayan gyare-gyare. Ta riƙe hawa ukun nan na Turawa. Makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani, ciki har da mai baki ɗaya da mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ikon ba da lasisinsu. Dokar ta hana sayarwa sai ta hannun dillali mai rajista, ta kuma hana ƙira da gyara ba tare da izini ba.

Wannan sashe na ƙarshe shi ya jefa maƙerin ƙauye cikin tsaka mai wuya. Sana'ar da ya gada tun zamanin Alu ta zama laifi a takarda, alhali ba a kafa wa maharbi wani wurin gyara a madadinsa ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa makamai, fashi ya ƙaru, gwamnatocin soja suka tsananta hukunci a dokokin fashi da makami na 1970 da 1984. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar bindiga da harsashinta suka fi ƙarfin talaka. Sai aka ƙara rungumar tsofaffi, aka ƙara dogara ga maƙerin da doka ba ta san da zamansa ba.

1967 zuwa 1992: ruwa ya sauya daji

Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya sauya fuskar wannan yanki. An gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga Tiga babbar magudana ta gangaro ta Ruwan Kanya zuwa Kadawa, inda aka fara gwajin noman rani. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi ragamarsa. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa.

An share kurmi da saura, aka daidaita ƙasa, alkama da shinkafa da tumatir suka maye gurbin dajin rani. Barewa da gada suka ja baya zuwa Falgore da abin da ya yi kudu. Tsuntsayen ruwa kuwa suka sami wurin zama shekara duka: kirinjijiya da ɗinya a tafkuna da fagagen shinkafa, balbela da zalɓe a bakin magudanai, kurciya da hasbiya a masussuka. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne jan baki, mai sauka dubu-dubu a kan shinkafa da alkama. Shi bindiga ba ta maganinsa. Yara masu gwangwani da majajjawa ke tsaron gona, in abin ya yi ƙamari gwamnati ta yi feshi da jirgin sama.

Ruwan da aka tare a nan, can ƙasa aka rasa shi. Ambaliyar shekara-shekara da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, wuraren da agwagin Turai ke yin hunturu suka tsuke. Wannan ya jawo hankalin masu kare tsuntsaye na duniya: Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, aka sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar a 2000. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta riga ta fito, amma gauraka, wadda dattawa suka saba gani garke-garke, ta kusa ɓacewa daga Nijeriya.

Maharbin Kura da Bunkure ya zama manomin rani mai fita harbin tsuntsu jefi-jefi. Wanda kuma farauta ce abincinsa sai ya koma cin rani da bindiga, yana bin dazuzzukan Neja da Kogi har zuwa kudu, ya yi watanni, ya dawo gida da Sallah ko da faɗuwar damina.

Gyara iri biyu

A gwanjon Landan bindiga mai shekara ɗari ƙirar babban kamfani takan kai fam dubu gomomi. Mai saye yana duba lamba ya nemi sunan wanda aka ƙera wa ita a littafin kamfani. Yana duba tambarin gidan gwaji, irin na Birmingham da aka kafa a 1813, yana auna kaurin bututu, yana son zanen ƙarfen da ƙotar su kasance na asali. A wurinsa gyaran da ya wuce kima rage daraja yake yi.

Maharbin Kano ba wannan yake tambaya ba. Tana tashi? Tana tara ƙwaya ko watsarwa take yi? Bakinta na girgiza in an rufe? Maƙiyanta a nan sanannu ne: raɓar damina mai sa tsatsa, hunturu mai busar da ƙota har ta tsage, gara, da ƙurar da ke cinye mahaɗa. In ƙota ta karye masassaƙi ya fafe wata da icen gida mai tauri, in ta tsage a ɗaure da waya ko a ɗinke da ɗanyar fata ta bushe a kai. Wani ya ƙara da laya. Abin da mai tarawa zai kira ɓarna, shi ne ya sa bindigar ta kai jika tana aiki.

Sai dai akwai inda ilimin can yake ceton rai. Tsofaffin bututu masu zane kamar igiya, waɗanda aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe, don baƙin albarushi aka yi su, harsashin zamani na iya fasa su. Yawancin tsofaffin ƙirar Ingila mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, na kasuwa a yau kuwa 70 ne, yana shiga amma yana matsa wa ƙarfen fiye da kima. Ta toka da aka yi da bututun famfo ba wanda ya gwada ƙarfinta kafin a sayar. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba da tsohon bututun da tsatsa ta ci ta ciki ba, kuma yatsun da maharba suka rasa sun isa shaida.

Cinikinta ma ba na kasuwar fili ba ne. Gado ne, ko kyauta, ko sayarwa tsakanin waɗanda suka san juna. Lasisi na mutum ne, ba ya bin bindiga zuwa hannun magaji, kuma a nan ne da yawa daga bindigogin da suka shigo ta halal suka koma marasa takarda bayan rasuwar masu su.

2014 zuwa 2025: tsakanin buƙata da zargi

Rashin tsaro ya dawo da maharbi gaban jama'a. A Nuwamban 2014 maharba da 'yan banga sun taimaka wa soja wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram, a garuruwa da dama kuma su ne 'yan sintirin dare. A lokaci guda gwamnati na ƙara matsawa. A 2017 Kwastan ta kama bindigogi 661 a Legas a Janairu, ta kama 1,100 a Satumba. An kafa cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, a 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Kalmar 'yan bindiga kanta, wadda a da take nufin bayin sarki masu harbin Sallah, yau in an ji ta a rediyo ɓarayin daji ake nufi.

A ƙarshen Maris na 2025 wasu mafarauta 'yan Kano suka taso daga jihar Ribas za su gida Sallah a cikin babbar mota. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tare su, aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya raka shi har garin. Makamin da Turawa suka bar wa talaka don ba ya tsorata kowa, shi ne ya zama hujjar kisan masu shi.

A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa, kuma ƙarar bindigar toka na cikin abin da ya sa hawan ya zama hawa. Ke nan makami ɗaya ne ake tafa masa a Ƙofar Kudu, ake kashe mai shi a kan hanya. Dokar 1959 ba ta raba maharbi da ɗan fashi a idon mai tsaron shinge, ba ta san maƙeri ba, ba ta kuma tanadi hanya mai sauƙi da magaji zai bi ya yi rajistar abin da ya gada ko ya miƙa shi gidan tarihi ba. Rajistar maharba ta hannun Sarakunan Baka da hakimai, da shaidar da jami'in kowace jiha zai gane, da izinin gyara ga maƙeran da aka tantance, da lokacin da za a ɗaga wa tsuntsu ƙafa ya yi ƙwai, duk abubuwa ne da majalisa da masarauta za su iya zama a kansu. Tsofaffin bindigogin da suka gaji da aiki kuma gidan tarihi na Gidan Makama ya fi dacewa da su, tare da sunan garin da suka fito da tarihin hannayen da suka bi, tun dattawan da suka san wannan tarihi suna raye.